Yadda ake kaɗa gashin tunkiya ya zama zaren saƙa a gida

Wata 'yar'uwa da ke zaune da iyalinta a arewacin Ingila ce ta aiko da tambaya. Maƙwabcinsu manomi ya yi wa tumakinsa aski a watan Yuni, ya ba ta gashin tunkiya ɗaya kyauta a cikin baƙar leda. Ta auna ya kai kilo 2 da rabi, dabbare-dabbare ne fari da baƙi, yana wari, yana maiƙo, har da kashi a gefensa. Ta iya saƙa da kibiya, kuma tana yarinya ta sha ganin kakarta tana kaɗin auduga. Burinta ta kaɗa gashin da hannunta ta saƙa wa ɗanta mai shekara 6 rigar sanyi kafin hunturu. Shin zai yiwu, kuma ta ina za ta fara?

Ƙanwata, zai yiwu, kuma abin da ke hannunki ya ishi rigar har da saura mai yawa. Ni ma a wajen kakata na koyi riƙe mazari a wani ƙauye kusa da Funtuwa, sai da zama ya kai ni ƙasar sanyi sannan na koyi kaɗin ulu. Abin da shekarun nan suka nuna mini shi ne, kyan zare ko lalacewarsa ana gama yanke shi ne tun kafin a taɓa mazari, wajen zaɓe da wanki da shiɓa. Tun ran gini tun ran zane. Shi ya sa za ki ga na fi daɗewa a kan waɗannan.

Yau ɗin nan ki fitar da shi daga ledar. Gashin da ba a wanke ba yana da danshi, leda kuwa tana riƙe gumi, cikin 'yan makonni sai ya yi fumfuna ya fara ruɓa. Ki zuba shi a tsohuwar rigar filo ta auduga, ki ajiye a inda iska ke shiga, nesa da kayan sawarku. Ki koma wajen manomin ki tambaye shi abu biyu: wane irin tunkiya ce, kuma yaushe aka yi mata wanka ko feshin maganin ƙwari na ƙarshe. In kwanan nan aka zuba mata magani kafin aski, ki haƙura da wannan gashin, ki nemi wani. Ki riƙa sa safar hannu duk lokacin da za ki taɓa shi ɗanye, kada ki yi aikin a inda ake girki. Idan kina da juna biyu, ki bar wani ya yi miki zaɓe da wankin farko, domin akwai cututtukan tumaki da ke iya cutar da ciki, likitocin ƙasar da kike ma suna gargaɗin masu ciki a kan cuɗanya da tumaki, musamman lokacin haihuwarsu. Gashin dabbar da ta mutu ba a san dalili ba kuwa, ko kyauta kada ki karɓa. A Bradford, nan kusa da ku, a ƙarni na 19 ciwon saifa, wato cutar dabbobin nan da Turawa ke kira anthrax, ya kashe ma'aikatan da ke zaɓen gashin da ake shigowa da shi daga waje, har ana kiran cutar da sunan sana'arsu. Yau abin ya yi wuya ƙwarai a Ingila, amma 'yan'uwa da ke karanta wannan daga gida su kula, don an tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja a 2023.

Kada ki yi mamakin kyautar. A 'yan shekarun nan manoma da yawa a Birtaniya suna kukan cewa kuɗin da suke samu a gashi ba ya ko biyan mai aski. Hukumar da ke tattara gashin tumakin ƙasar ta sayar, wadda aka kafa a 1950 kuma cibiyarta ke Bradford, tana biyan mai launi ƙasa da fari, saboda masana'anta ba za su iya rina shi yadda suke so ba. Abin da kasuwa ta raina shi ne ya fi daɗi a hannun mai kaɗi, don kin samu launi biyu ba tare da rini ba.

Daga kwatancenki ina kyautata zaton tunkiyar irin da ake kira Jacob ce, mai dabbare-dabbare, wadda wasu daga cikinsu ƙaho huɗu gare su. In ita ce, kin dace, domin gashinta ba shi da maiƙo sosai, yana buɗewa cikin sauƙi, tsawonsa kuma yakan kama daga santimita 8 zuwa 15. Kaurin silin gashi ana auna shi da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Na Merino, wadda asalinta Sifen ce kuma yanzu Ostareliya ta fi kowa kiwonta, yana wajen 18 zuwa 24, shi ya sa yake da laushi kamar auduga, amma maiƙonsa yana da yawa kuma yana saurin curewa, ba na ba mai koyo shawarar farawa da shi. Na tumakin tsaunuka irin su Herdwick da Swaledale ya haura 35, ya fi dacewa da darduma. Da zarar sili ya wuce 30, fatar yawancin mutane tana jin suka. Jacob tana tsakiya, kusa da wannan iyakar, don haka rigar da za ki saƙa ta sama ce, wadda yaro zai ɗora a kan wata riga.

Na san wata za ta karanta ta ce bari ita ma ta aske ragon layya. Tumakinmu na gida, 'Yankasa da Uda da Balami, gashi ne da su miƙaƙƙe, gajere, mai santsi, ba ya kama juna, ko an murza shi zamewa yake yi. Allah Ya yi su ne don zafi. Masu ulu a yankinmu su ne tumakin Masina a ƙasar Mali, waɗanda matan Fulani ke kaɗa gashinsu masaƙa su saƙa bargunan nan masu kauri da suke kira kasa, da kuma 'yan'uwansu da ake kira Kundum a bakin kogin Kwara wajen Tillaberi a Nijar, waɗanda yawansu ya ragu sosai. Wanda ke kusa da can zai iya bin duk abin da zan faɗa.

Ki shimfiɗa tsohon zanen gado a waje, ki warware gashin a kai, ɓangaren da aka yanke yana ƙasa. In mai askin gwani ne za ki ga ya fito a haɗe kamar buzu, har ki gane wuya da baya da cinyoyi. Ki zagaya gefe-gefe ki cire duk inda kashi ya daskare, da na ciki, da na ƙafafu, da na wuya inda ciyawa da ƙaiƙayi suka cika. Kada ki ji tausayinsa. Awa guda da za ki ɓata kina tsince haki daga gashin banza ta fi ƙarfin abin da za ki samu, kuma abin da kika cire yana yin taki mai kyau a gindin shuka. Na kafaɗa da haƙarƙari shi ne mafi laushi, ki ware shi don rigar. Na cinya ya fi kaushi, yakan zo da wasu fararen silla masu tauri da ba sa lanƙwasa, ki ajiye shi don koyo. Ki girgiza gashin, za ki ga wasu 'yan guntaye suna zubowa, inda almakashi ya bi sau biyu ke nan. Ki zubar da su duka, su ne ke zama ƙulle-ƙulle a zare. Sannan ki raba fari daban, baƙi daban, inda suka gauraya daban.

Gashin yana fitowa ne tuntu-tuntu. Ki zaro tuntu ɗaya, ki riƙe bakinsa biyu, ki kai kusa da kunnenki ki fizga da ɗan ƙarfi. Lafiyayye zai yi ƙara kamar tsirkiyar gurmi. In kika ji yana tsattsagewa, ko ya tsinke a tsakiya, tunkiyar ta yi ciwo ko yunwa a wani lokaci cikin shekarar, gashin da ya tsiro a lokacin ya yi rauni. Ki gwada wurare uku ko huɗu. In duk haka yake, kada ki ɓata watanninki a kansa.

Yanzu wanki, inda mafi yawan masu farawa ke yin asara. Silin gashin tunkiya, in aka duba shi da madubin likita, yana da ɓawo-ɓawo kamar jikin kifi. In ya haɗu da ruwan zafi da sabulu, ɓawon nan yana buɗewa, in kuma aka cuɗa shi a lokacin sai silla su sarƙe da juna, su ƙi rabuwa har abada. Da wannan hanyar ake yin jar dara a Tunis: a saƙa hular da faɗi, a yi ta bugu a ruwa da sabulu har ta tsuke ta daskare. Ke kuwa akasin haka kike nema. Gashin farko da na taɓa wankewa na cuɗa shi yadda muke cuɗa wanki a gida, na murɗe shi, na ɗauraye da ruwan sanyi. Da ya bushe sai na tarar da curi ɗaya mai tauri da ko almakashi da ƙyar ya shige shi. Gashi ne mai kyau, har yau ina jin zafin asararsa.

Dattin da ke jikinsa iri uku ne: gumin tunkiyar da ya bushe, da maiƙon da ake kira lanolin, da ƙasa da ciyawa. Gumin da ƙasar ruwan sanyi ke fitar da su. Ki ɗebi kamar giram 200 zuwa 300, ki sa a jakar raga, ko irin ragar da ake sayar da albasa a ciki, ki nutsar a bokitin ruwan sanyi ya kwana. Da safe za ki ga ruwan ya koma kamar shayi mai kauri. Ki ɗaga ragar ruwan ya tsiyaye. Maiƙon kuwa ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 40, don haka ruwan wanki ya zama kusa da digiri 60, wanda hannu ba zai iya jurewa ba. Ki cika baho tukuna, ki zuba sabulun wanke kwanuka na ruwa kamar cokali biyu zuwa uku, ki juya a hankali ba tare da kumfa ta tashi ba, sannan ki ɗora ragar a kai. Ki bar ta ta ɗan ɗumama ta nutse da kanta, in ya cancanta ki danna ta sau ɗaya da ludayi. Daga nan ki cire hannunki. Ba juyawa, ba cuɗawa, kuma kada ki taɓa buɗe famfo ruwa ya zubo kai tsaye a kan gashin.

Minti 15 zuwa 20 ya isa. Kada ki tafi wani aikin ki manta, domin in ruwan ya huce, maiƙon da ya narke komawa yake yi ya manne a gashin, kuma fitar da shi karo na biyu ya fi wuya. Ki ɗaga ragar, ki danna ta a hankali a jikin baho, ki sake haɗa wani ruwan mai zafi iri ɗaya. Gashin Jacob wanki biyu yakan ishe shi, sai ɗauraya biyu da ruwa mai zafin da bai gaza na wankin ba sosai. Fitar da shi daga zafi a jefa cikin sanyi yana curar da shi kamar yadda cuɗa ke yi. Ruwan wankin farko ki kai shi waje ki zubar, kada ki tura shi cikin bututun gida, maiƙon yana daskarewa ya toshe hanya.

Abin da muka saba da shi wajen fitar da datti a auduga, a nan guba ne. Toka da kanwa da sabulun salo suna cin gashin dabba, su bar shi da kaushi yana karyewa. Bilic narkar da shi yake yi gaba ɗaya. Omon da aka rubuta wa bio yana ɗauke da sinadarin da aikinsa cinye tabon nama da jini, gashi kuwa danginsu ne. Ki tsaya a kan sabulun kwanuka, ko wanda aka yi musamman don wankin ulu.

Ki naɗe shi a tsohon tawul ki taka a hankali ruwa ya fita, ki baza shi a kan raga ko kwando a inuwa inda iska ke bi ta sama da ƙasa. Ki ba shi kwana biyu ko uku. Ulu yana iya riƙe ruwa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ba tare da hannu ya ji jiƙa ba, saboda haka in kin ji kamar ya bushe ki ƙara masa yini. A kilo 2 da rabi ɗin nan, bayan zaɓe da wanki, ki sa ran abin da ya haura kilo 1 kaɗan. Ki taɓa busasshen: in yana manne wa yatsa, da sauran maiƙo, ki sake masa wanki ɗaya.

Kakarki da bakan shiɓa take buɗe audugarta ta naɗa sutu. Ulu ma shiɓa yake so, sai dai kayan aikin daban. Ana amfani da wasu allunan katako guda biyu masu mariƙi, fuskarsu cike da ƙananan haƙoran waya. In ba ki so ki kashe kuɗi tun yanzu, burushin taje gashin kyanwa mai haƙoran waya, sabo guda biyu, zai yi miki aikin, sai dai kaɗan-kaɗan yake ɗauka. Ki fara buɗe kowane tuntu da yatsu a kan wani ƙyalle, ƙura da haki su zube. Ki shafa gashin a kan allo ɗaya sama-sama har kina hango haƙoran ta cikinsa. Cika allo shi ne kuskuren kowa. Ki riƙe shi da hagu a kan cinya, ki shafo ɗayan a kansa a hankali kamar kina taje kan jariri, haƙoran kada su shiga cikin juna. Gashin zai riƙa komawa kan allon dama. Ki mayar da shi, ki sake, sau uku ko huɗu, har ya tashi kamar hayaƙi. Sai ki naɗe shi daga bakin allo zuwa wajen mariƙi ya zama sutu mai kaurin rake, marar nauyi. In kin ɗaga shi wajen taga ya kamata haske ya ratsa shi.

A nan za ki yanke shawarar launi. In kin shiɓa fari da baƙi tare za ki samu ruwan toka mai kyau. Ni da ni ce, sai in kaɗa su daban, jikin rigar ya zama mai duhu don yaro ne, datti ba zai nuna ba, farin kuma in yi masa layi a ƙirji da hannu. Baƙin Jacob bakinsa yakan ƙone da rana ya koma ruwan ƙasa, wannan ba aibi ba ne, yana ƙara wa zaren armashi.

Sai mazari. Namu na gida siriri ne, gululunsa ƙarami, yana juyi a cikin taskira, don silin auduga bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, ba zai iya ɗaukar nauyin mazari a rataye ba. Gashin tunkiya ya ninka wannan tsawo sau uku ko fiye, yana kuma kama juna, don haka ana sakin mazarin ne ya rataya a iska yana juyi, nauyinsa na taya ki ja. Ki nemi mai nauyin giram 30 zuwa 40. Kina iya haɗa naki: sanda miƙaƙƙiya mai kaurin fensir, tsawon santimita 30, ki zura ta a tayar katako ta motar wasan yara, ki murɗa ƙaramar ƙugiya a samanta. Abin dubawa ɗaya ne, ya yi juyi ba ya rawa.

Ki ɗaura guntun tsohon ulu kamar kamu ɗaya a sandar, ki bi da shi ta ƙugiya, ki buɗe bakinsa ki haɗa da bakin sutu. Kwanakin farko kada ki ce za ki yi komai a lokaci guda. Ki zauna, ki murza mazarin ya juya yadda hannun agogo ke tafiya, kina danne zaren da yatsu biyu don murɗin ya taru a ƙasa. Ki tsayar da mazarin ki matse shi tsakanin gwiwoyinki. Da ɗayan hannun ki ja sutun baya a hankali har gashin da ke tsakanin hannayenki ya sirance daidai kaurin da kike so, sannan ki zame yatsun da ke danne zuwa sama. Za ki ga murɗin ya haura da gudu ya kama gashin, abin da ɗazu iska ke iya hurewa ya zama zaren da ba ya tsinkewa da sauƙi. Shekara nawa ina yi, har yanzu wannan lokacin yana faranta mini rai. Idan ya kai tsawon hannu, ki cire daga ƙugiya ki naɗe a sanda, ki bar ɗan saura, ki ci gaba. Bayan mako ɗaya ko biyu hannunki da kansa zai fara ja alhali mazari na juyi, sai ki miƙe tsaye.

Abubuwa biyu ne hannun da ya san auduga zai sake koya. Na farko tazara. Mai kaɗin auduga hannayenta kusa da juna suke. A ulu, in tazarar hannayenki ba ta fi tsawon gashin ba, kina riƙe da bakin sili ɗaya ta nan da ta can ke nan, ko kin ja ba zai zo ba. In kin ji ya ƙi janyuwa, ki ƙara buɗe hannu, ki kuma duba ko murɗi ya tsallake yatsunki ya shiga cikin sutu. In ya shiga, ki ɗan warware shi da yatsa, zai saki. Hannun da ke riƙe da sutu kuwa ya riƙe shi kamar ɗan tsako, gumin tafin hannu da matsi suna curar da shi.

Na biyu shi ne yawan murɗi, kuma shi ne zuciyar maganar. Zaren da kakanninmu ke kaɗa wa masaƙa don tsaye, da na ɗinki, ana so ya murɗu sosai ya yi ƙarfi. Zaren saƙa da kibiya ya fi kusa da abawa, wato zaren nan mai kauri da ba a murɗa shi sosai. Ɗumin rigar sanyi daga iskar da ta maƙale tsakanin silla yake fitowa, in kin murɗe shi tamau kin kore iskar, rigar za ta yi nauyi, ta yi kaushi, kuma ba za ta hana sanyi ba. Ki riƙa gwadawa: ki saki tsawon taƙi biyu na sabon zare ya ninku a kan kansa. In ya naɗe a hankali ya yi taushi kamar ulun kanti, daidai ke nan, ki yanke wannan guntun ki rataye a gabanki ya zama ma'auni. In ya ƙudundune ya yi ƙahonni, murɗi ya yi yawa. In ya zame mazari ya faɗi, ya yi kaɗan. Faɗuwar mazari ba komai ba ce, ki buɗe bakin da ya tsinke, ki ɗora a kan sutu su haɗu kamar tsawon yatsa, ki murza. Ulu ba ya buƙatar ƙulli. Alli ma da ake shafa wa yatsa ba lallai ba ne a nan.

Sili ɗaya da kika kaɗa ba a saƙa riga da shi haka nan, domin duk murɗinsa gefe ɗaya yake, saƙar za ta karkace kamar an ja ta. Sai an tufka, yadda mai igiya ke yi. In mazari ya cika, ki warware zaren ki dunƙula shi ƙwallo, ki kaɗa na biyu, ki bar su su kwana biyu su huta. Ki sa kowace ƙwallo a kwanonta don kada su yi ta gangara, ki haɗa bakinsu biyu a mazari, wannan karon ki juya shi saɓanin hannun agogo. Murɗin tufka yana kashe na kaɗi, zaren ya kumbura ya daidaita, inda wannan ya sirance wancan ya cike masa. Ki saki tsawon hannu ya rataya kamar lilo. In ya tsaya a buɗe bai naɗe kansa ba, ko ya ɗan naɗe kaɗan, kin samu. Ki tuna da wannan tun wajen kaɗi: kowane sili ya zama kusan rabin kaurin zaren da kike so a ƙarshe.

Ki naɗa tufkakken zaren a bayan kujera ya zama babban zobe, ki ɗaure shi sako-sako a wuri huɗu, ki jiƙa a ruwan ɗumi da ɗigon sabulu na minti 20, ki ɗauraye, ki matse a tawul. Ki zura hannayenki biyu a cikin zoben ki fizga waje sau kaɗan, sannan ki rataye ya bushe. Kada ki rataya masa nauyi don ya miƙe, zai yaudare ki ne, ranar da aka wanke rigar ya koma yadda yake. Bayan wannan wankan ne za ki ga ainihin zarenki, ya tashi ya yi laushi, tsawonsa ya ɗan ragu.

Don sanin kibiyar da za ki ɗauka, ki naɗa zaren a jikin rula, layi kusa da layi ba matsi, ki ƙirga nawa suka cika inci ɗaya. In 11 ne ko 12, kaurinsa ya yi daidai da ulun kanti da ake rubuta wa DK, kibiya mai milimita 4 ke nan. In 8 ne ko 9, ki ɗauki mai milimita 5. Ki saƙa ɗan gwaji da ya ɗan fi santimita 10 kowane gefe, ki wanke shi, ya bushe, sannan ki ƙirga idon saƙar. Zaren hannu ba ya bin lissafin takardar kanti sai an gwada.

Rigar ɗan shekara 6 za ta ci wajen mita 600 zuwa 700, wato giram 300 zuwa 400, don zaren hannu ya fi na inji nauyi. Tunda sili biyu ne, kaɗin ya kai mita 1,300, ga tufka a kai. Ga mai koyo wannan aikin awa 40 ne zuwa 50, ban da wanki da shiɓa da saƙar kanta. In kina ba shi awa ɗaya kullum bayan yara sun kwanta, daga Yuli za ki iya sa masa rigar a Nuwamba, amma ba a fafe gora ranar tafiya, ki fara wanki a wannan makon tun ana samun rana. Keken kaɗi na ƙafa, irin wanda kamfanin Ashford na Niyu Zilan ke yi, yana rage lokacin sosai, sai dai kada ki saya yanzu. Kusan kowane yanki na Birtaniya yana da ƙungiyar masu saƙa da kaɗi da rini, suna haɗuwa wata-wata, da yawansu suna ba mambobi aron keke. Ki je ko sau ɗaya ne, ki zauna kusa da tsohuwar da ta daɗe tana yi ki kalli yatsunta.

Giram 100 na farko ki kaɗa su daga na cinyar nan da kika ware. Za su fito wani wuri kauri wani wuri siriri, ki saƙa wa yaron hula da su. Kafin ki gama hular hannunki ya zauna, sannan ki taɓa na kafaɗa. Ki gama kaɗa zaren rigar duka kafin ki ɗora ido ɗaya a kibiya, domin zaren makon farko da na makon shida ba za su zo ɗaya ba. Wanda ya fi kauri ki sa shi a ƙasan riga da bakin hannu. In kina sha'awar launi a farin, lalle yana kama ulu kamar yadda yake kama farce, ya ba da ruwan ƙasa mai ja, ɓawon albasa kuma yana ba da ruwan ɗorawa.

Sauran gashin da zai rage, asu ne abokin gabarsa, kuma ya fi son wanda ba a wanke ba. Ki wanke shi duka ko ba za ki kaɗa shi bana ba. In ya bushe sarai ki sa a rigar filo mai tsabta ki ɗaure baki, ki rubuta irin tunkiyar da shekarar a jiki, ki riƙa buɗewa kina dubawa duk wata biyu. In kika ga ɗan farin malam-buɗe-littafi ya tashi daga ciki, ko wani abu kamar yashi a gindin jakar, ki ƙulle shi a leda ki sa a firiza mako biyu. Allah Ya sa albarka a hannun, Ya raya yaron. In kin fizgi tuntun nan kusa da kunne, ki aiko mini da abin da kika ji.